Ƙaurace wa Universal da Sony da Warner: wace hanya ce ke hana kuɗinka isa gare su?

Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na cinikin waƙoƙin da ake naɗa a duniya: Universal Music Group, Sony Music da Warner Music Group. A shekarun 1990 su shida ne, suka yi ta haɗiye juna. PolyGram ya shige cikin Universal a 1998, Sony da BMG suka haɗe a 2004, sannan aka raba EMI na Ingila a 2012, Universal ya kwashi kaso mafi tsoka, Warner ya sayi Parlophone, wani ɓangare na EMI, a shekarar da ta biyo baya. Wanda ya yi niyyar daina ba su kuɗinsa yana da hanyoyi da dama, amma ba duka ne ke kai shi inda yake so ba. Akwai wadda za ka bi shekara guda kana ganin ka ƙaurace, alhali kuɗinka na shiga asusunsu duk wata.

Kafin zaɓen hanya sai mutum ya tantance abin da ya ɓata masa rai, domin ƙorafin iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne abin da aka yi wa mai saye. A 2002 manyan kamfanonin da wasu manyan kantuna a Amurka suka amince su biya dala miliyan 67.4 tare da raba faya-fayan CD na dala miliyan 75.7, don kashe ƙarar da jihohi suka shigar kan haɗa baki wajen hana farashin faifai sauka, ko da yake ba su amsa laifi ba. A ƙarshen Oktoban 2005 masanin kwamfuta Mark Russinovich ya gano cewa wasu faya-fayan Sony BMG suna dasa wata ɓoyayyiyar manhaja mai suna XCP a kwamfutar duk wanda ya saka su. An yi ta ne don hana kwafa, amma tana ɓoye kanta a cikin Windows, ta kuma buɗe ƙofar da masu kutse suka yi amfani da ita. Mutum ya sayi faifai da halaliyarsa, faifan ya lalata masa na'ura. Daga 2003 zuwa 2008 kuma ƙungiyar kamfanonin, RIAA, ta bi dubban mutane da ƙara saboda musayar waƙoƙi a intanet, har wata mata a jihar Minnesota aka yanke mata biyan dala 222,000 a kan waƙoƙi 24.

Na biyu shi ne abin da ake yi wa mawaƙi. Kamfani yakan ba shi kuɗin kafin alƙalami, amma bashi ne da ake cirewa daga kasonsa kaɗai. A ɗauki misali: an ba shi dala 100,000, kasonsa kashi 20 cikin ɗari. Sai waƙoƙin sun kawo dala 500,000 kafin a ce ya gama biya, kuma ko bayan ya biya, uwar faifan, wato asalin naɗin da ake kwafa daga gare shi, tana nan a hannun kamfani. Wannan ne ya sa Prince ya riƙa fitowa da kalmar bawa a rubuce a kumatunsa lokacin rigimarsa da Warner a shekarun 1990.

Adalci ya sa a faɗi cewa wasu daga cikin waɗannan sun wuce. Tun 2009 shagon iTunes ya cire makullin hana kwafa daga waƙoƙin da yake sayarwa. A 2021 Sony ya sanar da cewa zai daina riƙe kason mawaƙan da suka sa hannu kafin shekarar 2000 saboda tsohon bashi, Warner da Universal suka bi sahu. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ma, a bincikenta na 2022, ta ce masu sauraro suna samun waƙa da araha fiye da da. Sai dai abin da ya maye gurbin faifai ya zo da nasa ciwon: yanzu haya kake yi, ba mallaka ba, kuma ranar da yarjejeniya ta watse waƙar ta tafi. An gani a farkon 2024 da Universal ya janye waƙoƙinsa daga TikTok na wata uku, bidiyoyin mutane marasa adadi suka koma ba sauti.

Hanya ta farko: yanke hulɗa gaba ɗaya

Ma'anarta ba saye, ba sauraro, ba kallon bidiyo. Ita ce mafi tsafta a baki, mafi wuya a aikace, kuma wahalarta ba daga son waƙa kaɗai take ba. Gane wanda ya mallaki waƙa aiki ne mai zaman kansa.

Sunan uwar kamfani ba kasafai yake fitowa ba. Republic, Interscope, Def Jam, Island, Capitol da Motown duk na Universal ne. Columbia, RCA, Epic da Arista na Sony. Atlantic, Elektra da Parlophone na Warner. Wannan matakin mai sauƙi ne, ana haddacewa. Mataki na biyu shi ne dillalan da ke rarraba waƙoƙin ƙananan kamfanoni: The Orchard na Sony ne, AWAL ma Sony ya saye shi a 2021, ADA na Warner, Virgin Music Group na Universal. Mawaƙi yana iya rantsuwa cewa shi mai zaman kansa ne, kuma gaskiya ya faɗa domin uwar faifansa a hannunsa take, amma dillalinsa yana cire kaso ya kai wa ɗaya daga cikin ukun. A Disambar 2024 Virgin ya sanar da shirin sayen Downtown, mai dillalan CD Baby da FUGA, a kan dala miliyan 775, wanda ke nuna inda aka dosa. Mataki na uku shi ne haƙƙin rubutun waƙa da karinta, wanda daban yake da haƙƙin naɗi. Sony Music Publishing, Universal Music Publishing da Warner Chappell su ne manya a nan ma. Waƙa tana iya fita daga ƙaramin kamfani, ta bi ta dillali mai zaman kansa, amma ɗaya daga cikin marubutanta huɗu yana ƙarƙashin Warner Chappell.

Ga yadda ake dubawa. A Spotify ko Apple Music ka gangara ƙasan kundin, za ka ga layi biyu: mai alamar © da mai alamar ℗. Na ℗ shi ne na naɗi, shi ya fi muhimmanci. Idan ka ga an rubuta cewa an ba wani kamfani lasisi na keɓe, to mawaƙin ne mai uwar faifan amma kamfanin ne ke karɓar kuɗi ya raba. A YouTube, bidiyon da aka samar kai tsaye daga kundi yana ɗauke da layin "Provided to YouTube by" a bayaninsa, kuma sunan da ya biyo baya shi ne dillalin. Wannan layin ya fi kowane tona asiri, domin a nan The Orchard ko Virgin ke bayyana. Shafukan tattara bayanan faya-fayai irin su Discogs da MusicBrainz suna nuna wane ƙaramin kamfani ne ke ƙarƙashin wane babba. Kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da tsohon bayani: kamfanin da yake mai zaman kansa bara ana iya saye shi bana, kuma kundi ɗaya yana iya zama na kamfani daban a ƙasa daban.

Ga mai sauraro a Najeriya wannan ba labarin nesa ba ne. Universal ya sayi mafi yawan hannun jarin kamfanin waƙa na Mavin a 2024. Warner ya ƙulla yarjejeniya da Chocolate City a 2019, ya kuma sayi rinjaye a dillalin Africori a 2022. Burna Boy yana fita ta Atlantic, Wizkid da Tems ta RCA. Yanke hulɗa gaba ɗaya yana nufin barin babban ɓangare na waƙoƙin da ake ji a motoci da wuraren biki. Wanda akasarin abin da yake ji waƙoƙin Hausa ne, nasa da sauƙi, domin yawancin mawaƙan Arewa da na Nijar ba su da kwantiragi da waɗannan kamfanoni. Abin dubawa kawai shi ne dillalin da ya ɗora musu waƙar.

Wannan hanya ta dace da wanda lamarin ya zame masa na aƙida, yana kuma da haƙurin bincike. Shawarar da ta fi amfani ita ce ya ja layi tun farko: shin naɗi kaɗai zai duba, ko har da dillali? Wanda ya ce sai ya tsarkake dukkan matakai uku yakan gaji cikin 'yan makonni ya watsar da komai.

Hanya ta biyu: ka ci gaba da biyan manhaja, ka saurari masu zaman kansu kaɗai

Ita mutane suka fi ɗauka, ita ce kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Spotify, Apple Music da mafi yawan irinsu ba sa ɗaukar kuɗinka su kai wa wanda ka saurara. Suna zuba kuɗin duk masu biya na ƙasa guda a tukunya ɗaya, su cire nasu wajen kashi ɗaya cikin uku, su raba sauran bisa yawan sauraron da kowa ya samu a watan.

Daga nan wasu ke cewa wannan hanyar ba ta da amfani ko kaɗan. Ba haka lissafin yake ba. Ya danganta da yawan sauraronka. A ƙaddara kana biyan naira 1,500, naira 1,000 ta shiga tukunya, kuma a watan kowane sauraro ya tashi a kan naira ɗaya. Idan sau 300 ka saurari waƙa, mawaƙanka sun jawo naira 300. Sauran 700 ta bazu a kan kowa bisa rabonsa, kuma mafi yawanta ta tafi ga manyan uku. Idan kuwa sau 1,500 ka saurara, duk na masu zaman kansu, mawaƙanka sun jawo fiye da abin da ka zuba, wato ka rage wa manyan ke nan. Saboda haka mai sauraro jifa-jifa tallafa musu yake yi ko da bai taɓa kunna waƙarsu ba, mai kunne a waƙa dare da rana kuwa yana ɗan karkatar da ma'auni.

Akwai abubuwa uku da ke rage ƙarfin wannan. Tun 2024 Spotify ba ya biyan komai na naɗi a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, kasonta yana komawa tukunya, don haka ƙaramin mawaƙin da kake son taimaka wa yana iya tashi a tutar babu. Na biyu, kunna-kai-tsaye da jerin waƙoƙin da manhaja ke haɗa maka suna cusa waƙoƙin manyan kamfanoni da zarar naka jerin ya ƙare, kuma daƙiƙa 30 sun isa a ƙirga sauraro; dole ka kashe wannan a saituna. Na uku, kada ka yi dabarar barin waƙa tana maimaita kanta har gari ya waye don ka ƙara wa mawaƙi lamba. Manhajojin suna gane sauraron bogi, suna soke shi, suna cin tarar dillali, wani lokaci a sauke waƙar gaba ɗaya. Taimakon ya koma cuta.

SoundCloud ya ɓullo da wani tsari a 2021 inda kuɗin mai sauraro ke bin mawaƙan da ya saurara, amma ga mawaƙan da suka shiga tsarin kaɗai. Audiomack da Boomplay, waɗanda aka fi sani a nan, su ma sun ƙulla yarjejeniyar lasisi da manyan kamfanonin, don haka komawa can ba fita ba ce daga tsarin.

Abin da wannan hanyar ba ta taɓa ko kaɗan shi ne haƙƙin mai saye. Har yanzu haya kake yi. Idan ƙorafinka na mallaka ne, ba ta yi maka komai ba.

Hanya ta uku: saye kai tsaye daga mawaƙi

Ita kaɗai ce ke amsa ƙorafin biyu a lokaci guda. A Bandcamp, shagon intanet da mawaƙa ke sayar da waƙoƙinsu da kansu, kamfanin yana cire kashi 15 cikin ɗari na waƙar da aka sauke, ya sauko zuwa kashi 10 bayan mawaƙi ya yi cinikin dala 5,000, sai ɗan kuɗin masu sarrafa biya. A ranakun da suke kira Bandcamp Friday, waɗanda aka fara a Maris na 2020, ba ya cire nasa kason. Kundin dala 10 yana kai wa mawaƙi ko ƙaramin kamfaninsa wajen dala 8, abin da sai an saurari waƙarsa sau dubbai a manhaja kafin a tara. Kai kuma ka samu fayil marar makulli na MP3 ko FLAC, shi FLAC ba ya rage ingancin sauti.

Amma fayil ɗin sai ka kula da shi. Ka sauke shi ranar da ka saya, kada ka bar shi a asusunka na shagon kana cewa yana nan. Bandcamp ya sauya hannu sau biyu cikin shekara biyu, Epic Games a 2022, Songtradr a 2023, kuma tarihi ya nuna shaguna suna rufewa: a 2008 MSN Music da Yahoo Music sun sanar da kashe na'urorin da ke buɗe makullin waƙoƙin da mutane suka riga suka saya. Ka ɗauki FLAC idan akwai, domin daga shi ana iya yin MP3 asalin kuma yana nan da ingancinsa, amma daga MP3 ba a iya dawo da ingancin FLAC. Kundi ɗaya na FLAC yana cin megabait 300 zuwa 400, MP3 mai kyau wajen 100. Ka ajiye kwafi biyu a wurare biyu, kuma katin memori na waya kada ya zama ɗaya tilo, domin shi ya fi saurin mutuwa ba sallama.

Matsalar wannan hanya a yankinmu biya ne. Farashin da dala ko fam yake, kuma katin naira ya sha samun iyaka a sayayyar waje. Ga mawaƙin gida kuwa ba ka buƙatar wannan zagaye: zuwa wasansa, gayyatarsa biki, ko tura kuɗi ta asusun da shi da kansa ya sanar a shafinsa da aka tabbatar, duk sun fi kai masa. A tabbatar da shafin, domin masu buɗe shafin bogi da sunan mawaƙa suna da yawa.

Wani tarko: mutane sukan ce ba za su sayi kundin mawaƙin babban kamfani ba, sai dai su sayi rigarsa ko tikitin wasansa don kuɗin ya isa gare shi kai tsaye. Tun tsakiyar shekarun 2000 akwai kwantiragin da ake kira 360, inda kamfani ke da kaso a wasanni da riguna da tallace-tallace. Bravado, ɗaya daga cikin manyan masu yin rigunan mawaƙa, na Universal ne. Duk da haka tikiti yakan bar wa mawaƙi kaso mafi girma fiye da sauraro a manhaja.

Faifan hannu, da kuma satar fasaha

Ga wanda ba zai iya rabuwa da tsoffin waƙoƙin da ke rumbun manyan kamfanoni ba, faifan CD na gwanjo shi ne mafita mafi tsafta. Dokar Amurka da ta ƙasashe da yawa ta ba wanda ya sayi faifai damar sayar da shi, kuma kamfani ba ya samun ko kwabo a ciniki na biyu. Mawaƙi ma ba ya samu, wannan shi ne farashinta. Damar ba ta shafi fayil ba: kotunan Amurka sun hana kamfanin ReDigi sayar da waƙoƙin dijital na hannu, a 2013 da kuma a ɗaukaka ƙara a 2018. Wajen saye ka duba ƙasan faifan. Na asali azurfa ne mai rubutun lamba a zoben tsakiya, wanda aka ƙona a kwamfuta yakan yi shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Faifan Sony BMG na 2005 mai alamar kariyar kwafa kuma kada a saka shi a tsohuwar kwamfutar Windows.

Sauke waƙa daga shafukan sata, ko karɓarta a wurin masu turawa a kasuwar waya, ba ƙauracewa ba ce. Kamfanin bai rasa ka a matsayin mai sauraro ba, waƙarsa kake yaɗawa, kuma ka ba shi hujjar da yake kai wa majalisu don a tsaurara doka. Wanda ya fi jin jiki a wannan al'ada shi ne ƙaramin mawaƙin da ba shi da lauya, kuma mawaƙan Hausa sun fi kowa sanin haka.

Ƙauracewa mai manufa ɗaya

Idan burinka shi ne kamfanin ya sauya hali, ba wai hannunka ya tsarkaka kawai ba, to tarihin lamarin yana nuna wani abu. Kuɗin mutum ɗaya ba ya bayyana a littafin kamfanin da ke cinikin biliyoyin daloli. Abin da ya sa Sony BMG ya janye faya-fayan XCP cikin makonni shi ne hayaniya a fili, ƙararraki, da hukumomi. A 2007 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta sa ya biya har dala 150 ga wanda kwamfutarsa ta lalace. Yafe tsohon bashin mawaƙa ya zo ne a daidai lokacin da kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ke binciken yadda ake rabon kuɗin sauraro, bayan mawaƙa sun yi gangami. A duka biyun akwai kamfani da aka ambata, buƙata guda da za a iya cewa an biya ko ba a biya ba, da kuma hukumar da ta sa ido a kan lamarin. Ƙauracewar da ba a sanar da kowa dalilinta ba, kamfani yana karanta ta ne a matsayin sauyin ɗanɗano.

Idan aka jera su, wanda ƙorafinsa mallaka ce ya soke biyan wata-wata, ya koma sayen fayil marar makulli da faifan hannu. Wanda ƙorafinsa kason mawaƙi ne kuma yana sauraro sosai zai iya zama a manhaja, ya kashe kunna-kai-tsaye, ya ware kuɗin kundi ɗaya duk wata biyu ko uku ya saya kai tsaye. Mai sauraro jifa-jifa shi ya fi kowa dalilin sokewa, domin shi ne mafi yawan kuɗinsa ke tafiya inda ba ya so. Kafin ka soke, ka fitar da jerin waƙoƙinka: Spotify yana ba da kwafin bayanan asusu ta sashen sirri na saituna, yakan ɗauki 'yan kwanaki kafin ya iso, kuma da shi za ka bi layin ℗ ɗaya bayan ɗaya ka ware abin da za ka saya da abin da za ka nema a gwanjo.